Hawan Tudu da Keke Mai Ƙafa Uku: Bayani ga Hakimai da Malamansu a Ƙasashen Gusau, Tsafe da Bunguɗu

An shirya wannan ɗan littafi ne domin hakimai da malamansu, tun da ya ke su ne ƙarar talakawa ta kan fara isa gare su in damina ta kankama, hanya ta ɓaci. Keke mai ƙafa uku ya zama abin hawan jama'a a cikin Gusau da garuruwan da ke kewaye da ita. Shi ke kai mace mai naƙuda asibiti, shi ke fito da buhun masara da na waken suya daga ƙauye zuwa bakin kwalta. In ya kafe a tsakiyar hawa, ko ya sulalo da baya da mutane a ciki, abin ya wuce hasarar mai keke shi kaɗai.

Galibi in an tambayi direba dalilin da ya kāsa hawa, sai ya ce inji ne ba shi da ƙarfi. Wani lokaci gaskiyarsa ce. Amma sau da yawa ƙarfin yana nan, ƙasa ce ta ƙi karɓarsa, taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana watsa laka. Waɗannan cuta biyu ne dabam dabam, maganin ɗaya kuwa ya kan ƙara tsananta ɗayar.

Asalin keken da irinsa

A ƙasar Italiya kamfanin Piaggio ya fito da irin wannan keke, wanda ya kira Ape, a 1948. Daga can sana'ar ta ƙaura zuwa Indiya, inda kamfanonin Bajaj da TVS ke ƙera yawancin waɗanda mu ke gani a titunanmu. Ya fara yawa a Ikko zamanin da Buba Marwa ya ke Gwamnan soja, daga 1996 zuwa 1999, shi ya sa mutanen can ke ce masa Keke Marwa. A 2001 Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin yaƙi da talauci mai suna NAPEP, ta raba kekunan ga jama'a, sunan shirin ya bi keken. A Kano kuwa ya sami sunan A Daidaita Sahu daga shirin gyaran tarbiyya na zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau.

Iri uku za mu yi magana a kansu. Akwai na fasinja, wanda injinsa ke can baya ƙarƙashin kujera, tayoyin baya biyu ne ke tura shi. Akwai na ɗaukar kaya, mai kan babur da akwati a baya. Shi ma tayoyin baya ke tura shi, amma injinsa na gaba, ƙarƙashin direba. Na uku shi ne keken guragu da a ke tuƙawa da hannu, wanda galibi tayar gaba ce ke jansa. Ku riƙe wannan bambanci, gama dukan bayanin da ke tafe a kansa ya rataya: tayar da ke ja ita ce ke bukatar nauyi a kanta.

Ƙasar da mu ke ciki

Wanda ya bi babbar hanya daga Funtuwa ta Tsafe zuwa Gusau, ya zarce ta Bunguɗu ya nufi Sakkwato, zai ce ai ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce. Duwatsun Tsafe da babban dutsen Kwatarkwashi suna tsaye a gefe, kwalta ta kauce musu. Ba wanda ke hawan ƙoƙuwar Kwatarkwashi da keke. Hawan da ke wahal da mutanenmu gajere ne, wani bai fi taki ashirin ba: gaɓar rafi bayan an tsallake mashigi, bakin kwazazzabon da ruwa ya ci, hayin da ke gindin dutse inda hanyar ƙauye ta bi ta kan falale, da wurin da hanyar ƙasa ta hau kan kwalta. Gulbin Sakkwato ya ratsa ta Gusau da Bunguɗu, ƙoramu masu yawa suna zuba a cikinsa, kowace kuwa da gaɓarta biyu.

Gajartar hawan ita ke ruɗin direba. Yana ganin ƙarshensa kusa, sai ya ce bari in taho da gudu in haye.

Ƙasar kuma ba iri ɗaya ba ce. Marmara busasshiya tana riƙe taya sosai, amma in ruwa ya jiƙa samanta sai ta yi santsi kamar an shafa sabulu. Lakar fadama ta fi ta muni, don tana cika zanen taya har ta mai da ita sumul. Yashin jigawa da na cikin rafi ba ya santsi, nutsewa ya ke yi. Falalen dutse in ya bushe ba abin da ya fi shi riƙo, sai dai in iska ko ruwa sun watsa tsakuwa a kansa, sa'an nan taya ta kan mirgina bisa tsakuwar kamar wanda ya taka gero a kan daɓe. Ko kwalta ma tana da ranarta: ruwan farko bayan rani ya kan haɗu da ƙura da man da motoci suka ɗiga, ya yi santsin da ba a zata ba. Watan Agusta, da ruwa ya fi yawa, shi ne lokacin da duk waɗannan su ke taruwa.

Yadda a ke auna hawa

Kafin a yi gardama a kan ko wuri ya yi tsaye da yawa, gara a auna shi. Ba a bukatar injiniya. Malamin hakimi ya nemi miƙaƙƙiyar sanda mai tsawon mita 2, da kwalba cike da ruwa wadda aka bar ɗan gurbin iska a cikinta. Ya kafa kan sanda ɗaya a ƙasa ta wajen sama, ya ɗaga ɗaya kan, ya kwantar da kwalbar a kan sanda, ya yi ta gyarawa har kumfar iska ta tsaya a tsakiya. Sa'an nan ya auna daga kan sandar da ke sama zuwa ƙasa. In ya sami santimita 20, hawan ɗaya cikin goma ne, watau a kowane taki goma ƙasa ta tashi taki ɗaya. In ya sami 40, ɗaya cikin biyar ne. A auna a inda ya fi tsayuwa, gama nan ne keke ke kafewa.

Domin kwatanci, titin Baldwin da ke birnin Dunedin a ƙasar New Zealand, wanda ya yi suna a duniya saboda tsayuwarsa, ya ɗan zarce ɗaya cikin uku, kuma da kankare aka yi samansa. Gaɓar rafin da ruwa ya zaizaye ta kan kusanci haka, alhali kuwa laka ce.

Lissafin riƙo

Mu ɗauki keken fasinja. Shi kansa ya kan yi kilo 350 zuwa 400. Da direba da fasinja uku da ɗan kayansu, mu ce ya kai kilo 700. A hawa na ɗaya cikin goma, nauyin da ke jansa baya kashi ɗaya ne cikin goma na wannan, watau kilo 70. A ɗaya cikin biyar ya kusa kilo 140. Tilas tayoyin baya su tura ƙasa da ƙarfin da ya fi wannan, in ba haka ba keke ba zai ci gaba ba.

To, nawa taya ta ke iya turawa kafin ta sulɓe? Abu biyu ke yanke wannan: nauyin da ke danne ta, da irin ƙasar da ke ƙarƙashinta. A ƙiyasin masu aikin hanya, busasshiyar kwalta ta kan riƙe kamar kashi bakwai cikin goma na nauyin da ke kan taya, tsakuwa sakakkiya kamar huɗu, jiƙaƙƙiyar laka kuwa biyu ko ƙasa da haka. Mu ɗauka kashi biyu cikin uku na nauyin kekenmu yana kan tayoyin baya, watau wajen kilo 470. A kwalta za su iya tura kilo 330, ya ishe su har da saura. A tsakuwa 190, za su hau amma da lalama. A laka ba su kai 100 ba, alhali hawan ɗaya cikin biyar yana neman 140. Ko da an ɗora wa wannan keke injin babbar mota ba zai hau ba. Ƙarin wuta sai dai ya ƙara saurin juyawar taya, ta haƙa rami ta zauna a ciki.

Jirgin ƙasa, wanda layinsa ya bi ta Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya san wannan matsala tun da daɗewa. Ƙarfe a kan ƙarfe ba shi da riƙo sosai, shi ya sa a ke shimfiɗa dogo a kwance gwargwadon iko, kuma kan jirgi ya ke tafe da akwatin yashi yana zubawa gaban ƙafafunsa in sun fara sulɓi. Yashin da ke kā da keke a kan falale shi ke ceton jirgi a kan dogo, kuma ɗan busasshen yashi da aka watsa bisa jiƙaƙƙiyar marmara ya kan yi wa keke irin wannan amfani.

Rarrabe cuta biyu

Kunne ya isa ya rarrabe su. In inji ne ya gaza, ƙararsa ta kan yi ƙasa, ya yi ta nishi yana kakkarwa har ya mutu, tayoyi kuwa ba su zame ba. Maganinsa a sauko zuwa giya ta ɗaya, a rage kaya, fasinja su sauka su taka. In riƙo ne ya ƙare, ƙarar inji ta kan tashi sama, taya na gudu, keke na tsaye. A nan saukar da fasinjan baya ba lalle ya taimaka ba, domin su ne ke danne tayoyin da ke turawa. Wanda ya kamata ya fara sauka shi ne wanda ya raɓa a gefen direba, wanda dā ma zamansa a wurin bai dace ba, tun da an yi keken ne domin direba da mutum uku. Sai fa in tayoyin nutsewa su ke yi cikin yashi ko taɓo mai zurfi. A nan kam a sauke kowa.

Keken kaya ya fi nuna wannan. Ya kan hau gaɓa da buhu huɗu a akwati, ya juye su a kasuwa, ya komo fanko ya kāsa hawan wata gaɓar da ba ta kai ta farko ba, don babu abin da ke danne bayansa. Direba mai hankali ya kan bar buhun yashi ɗaya a akwati da damina.

Amma nauyin baya yana da iyaka. A ɗora kaya daidai bisa tayoyin baya ko kaɗan gabansu, mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama. Kayan da aka ɗaure suna reto a bayan tayoyi, ko yaran da suka maƙale a baya, su kan ɗaga tayar gaba in hawa ya yi tsaye. Tayar gaba guda ɗaya ce, ita kaɗai ke juya keke. Da zarar ta bar ƙasa direba ba shi da sauran iko. Kayan da aka tula a kan rufi su kuma kifar da keke su ke yi.

Kada a yi hawan jaki

Jaki in ya ga tudu ba ya miƙewa, sai ya yi ta karkata dama da hagu har ya kai sama. Mai keke mai ƙafa biyu ma haka ya ke yi, kuma dabara ce mai kyau a gare su. Ga mai ƙafa uku halaka ce, saboda dalili biyu.

Na fari, mai ƙafa biyu yana iya tsayawa sak ko da ƙasa ta karkace, mai ƙafa uku kuwa tilas ya bi karkatar ƙasa. In ya ba tudu gefensa, nauyi duk ya koma kan tayar da ke ƙasa, kaɗan ya rage ya kife.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Tsakanin tayoyin baya akwai wani akwatin haƙora da ke raba musu ƙarfin inji, ya bar ɗaya ta fi ɗaya sauri in an zo kwana. Ba don shi ba da keke bai juyu ba. Amma halinsa shi ne ba ya ba tayar da ta riƙe ƙasa ƙarfin da ya fi wanda ya ba 'yar'uwarta. Saboda haka in ɗaya ta yi sauƙi, ko ta faɗa laka, ko ta ɗaga sama a kan kunya, sai ta yi ta juyawa ita kaɗai, ɗayar ta tsaya cik ko da a kan busasshen dutse ta ke. Keke mai tayoyin turawa biyu ƙarfinsa na raunanar cikinsu ne. Wannan ya sa tilas a fuskanci hawa kai tsaye, a zaɓi layin da tayoyin baya biyu za su taka ƙasa iri ɗaya, tsayi ɗaya. Ku tuna kuma mai ƙafa uku sawu uku ya ke yi. Direban da ya saba da babur ya kan kauce wa rami da tayar gaba, ya manta ta baya za ta faɗa ciki, ga tayoyin ƙanana, bakin ƙarfensu inci 8 ne kawai.

In taya ɗaya ta fara wannan juyi, a tsaya. A sa mutum ya koma gefenta ya danne ta, a cusa mata duwatsu ƙanana, ko karan dawa, ko rassan geza. Wasu tsofaffin direbobi su kan ja birkin hannu kaɗan domin ya riƙe mai gudun, ƙarfi ya isa ga ɗayar. Dabarar tana ci, amma ta ɗan lokaci ce, in an daɗe birki ya kan ƙone.

Hannun direba

A sa giya ta ɗaya tun a gindin hawa. Canja giya a tsakiya ya kan yanke ƙarfi na ɗan lokaci, keke ya tsaya, in aka saki kuloci kuma ƙarfin ya komo gaba ɗaya ya fizge taya daga ƙasa. A taho da ɗan gudu madaidaici, kamar sassarfar mutum, a riƙe totur wuri ɗaya. In an ji taya ta fara zamewa a sassauta wuta kaɗan har ta sāke kamawa. Wannan shi ya fi wuya a koya wa yaro, gama zuciyarsa tana ce masa ya ƙara.

Wanda ya fito daga mashigin ruwa ya sani birkinsa ya jiƙe, ba zai kama sosai ba sai ya ɗan tattaka shi ya bushe. Ga shi kuwa a daidai nan ne gaɓa ta ke. Saboda haka kowane keke da ke bin hanyar ƙauye ya kamata ya riƙa tafiya da waigi, watau guntun icen da a ke sa wa taya, kamar yadda yaran manyan motoci ke yi. Masu turi su tsaya ta gefe, kada kowa ya tsaya daidai bayan keke, ɗaya kuma ya riƙe waigi a shirye. In hawa ya gagara a sauko da baya a hankali, kai tsaye, ba a juya keke a tsakiyar tudu. A gangara kuma a sauka da giyar da aka hau da ita.

Tayar da ta suɗe ba ta da abin da za ta kama laka da shi. In sababbi biyu kaɗai a ke da kuɗinsu kafin damina, a sa su a baya. Iska mai yawa tana sa taya tsalle a kan tsakuwa. A cikin yashi rage iska kaɗan yana taimako, amma a mayar da ita wurin mai faci da zarar an hau kwalta, in ba haka ba taya ta yi zafi da kaya a kanta.

Keken guragu

A watan Agusta na 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, da yawansu kuwa da keken hannu su ke neman abinci. Nasu lissafin a juye ya ke. Mai keke yana zaune ne kusa da tayoyin baya, tayar gaba mai ja ba ta ɗauke da nauyi sosai, hawa kuma yana ƙara mai da nauyin baya. Sai ka ga ƙaƙƙarfan mutum yana murɗa hannu iyakar ƙarfinsa, tayar gaba tana kartar ƙasa, keke yana komawa baya a ɗan hawan da ɗan yaro zai haye da gudu.

Maganinsa a kai nauyi gaba. Ya sunkuya gaba in zai hau. Kayansa, ko jarkar ruwa, a rataye su ƙasa ƙasa kusa da tayar gaba maimakon bayan kujera. Mai walda yana iya matso da kujera gaba kaɗan, ya kuma sa babban faranti a taya domin murɗawa ta yi sauƙi, ko da ya ke gudu zai ragu. Tayar gaba ita ce ta cancanci sabuwa.

Sauran kuwa aikin masu gini ne. Dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2019, ta wajabta a yi wa gine-ginen jama'a hanyar shiga da za su iya bi. Ma'aunin da aka saba da shi a duniya shi ne kada irin wannan hawa ya wuce ɗaya cikin goma sha biyu, watau wajen santimita 17 a sandarmu. A bar samansa da kaushi. Simintin da aka goge ya yi sheƙi ba ya riƙe taya in ya jiƙe. Hakimin da a ke gina ɗakin shan magani, ko makaranta, ko masallacin Juma'a a ƙasarsa, ya aiki malaminsa da sanda tun siminti bai bushe ba.

Abin da a ke nema daga hakimai

Ruwa ne ke lalata hawa. In ya sami hanya ya bi ta tsakiyarta, sai ya kwashe ƙasa mai laushi, ya bar kwari biyu da tudu a tsaka, wanda ke tokare cikin keke ya ɗaga taya. Ƙaramar magudana da aka yanka a karkace a saman hawa, ta kai ruwan gefe, ta fi tifa goma ta ƙasa da za a zuba bayan ɓarna ta auku. Wannan aikin gayya ne na yini ɗaya, lokacinsa kuwa watan Afrilu ko farkon Mayu, kafin mutane su koma gona. A gaɓar rafi a sassabe kan gaɓar domin hawan ya yi tsawo ya kwanta, a jera duwatsu a danne su, a cike tsakaninsu da marmara. Kada a zuba tsakuwa sakakkiya a bar ta haka nan, ta fi babu muni. A kan falale kuma tsintsiya ta isa.

Kowane dagaci ya kawo sunayen wuraren da keke ke kafewa a ƙasarsa. Malamin hakimi ya buɗe musu shafi a littafi: sunan wurin, awon sanda, irin ƙasar, ƙauyukan da ke bayansa, da ko ita ce hanyar da a ke bi da marasa lafiya. Wanda bai kai ɗaya cikin goma ba, magudana ta ishe shi. Daga nan zuwa ɗaya cikin biyar a yi masa gayya, a kuma kira shugabannin masu keke na garin a karanta musu abin da ke cikin wannan littafi. Wanda ya wuce ɗaya cikin biyar, ko wanda ke bukatar kwalbati, a rubuta shi da awonsa a aika wa sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, a ba majalisar Sarki kwafi, tun kafin ruwan farko ya sauka.